Ka Tsinci Ƙashin Da Ya Koma Dutse? Ga Yadda Za Ka Yi Da Shi

A kudu maso gabashin Agadas, cikin hamadar Tenere, akwai wani fili da ake kira Gadufawa. Idan iska ta kwashe rairayi a wurin, ƙasusuwa ne ke bayyana, wasu a warwatse, wasu a jere yadda dabbar ta kwanta ta mutu shekara miliyan 110 ko fiye da suka wuce. Masu neman ma'adinin yuraniyom na Faransa ne suka kai labarin wurin, kuma a 1965 masani Philippe Taquet ya ci karo da ƙwarangwal ɗin wani dainoso, wato irin manyan dabbobin dā masu kama da ƙadangare da suka ƙare, wanda daga baya, a 1976, ya raɗa wa suna Ouranosaurus nigeriensis. Wanda ya shiga Gidan Tarihi na Boubou Hama a Yamai zai gan shi a tsaye.

Abin lura a nan shi ne ba kasafai masani ke fara gani ba. Makiyayi ne ke fara gani, ko mai haƙar rijiya, ko lebura a wurin fasa dutse, ko yaron da ya bi ƙorama bayan ruwan sama. Abin da mutumin nan ya yi a sa'ar farko shi ke yanke hukunci: ko abin ya zama ilimi, ko ya zama dutsen tokare ƙofa. Domin rabin darajar burbushin halitta ba a jikinsa take ba, tana wurin da ya kwanta. Ka ɗauke shi ba ka rubuta komai ba, ka raba shi da shekarunsa da maƙwabtansa da labarin mutuwarsa, kuma babu na'urar da za ta dawo da su.

Mataki na farko: san ƙasar da kake takawa

Ba kowane dutse ke ajiye gawa ba. Duwatsun da suka samu daga narkakkiyar wuta ta cikin ƙasa, irin Kufena na Zariya da manyan duwatsun da ake fasawa a yi tsakuwar gini a Kano da Kaduna da Damagaram, babu abin da za ka samu a cikinsu ko ka shekara kana dubawa. Zafin da ya haife su ba ya barin ƙashi. Marmara ma, jar nan ta saman tudu, ba wurin nema ba ce.

Inda ake samu shi ne dutsen da ya taru a hankali daga laka da yashi da ruwa ya shimfiɗa, shimfiɗa bisa shimfiɗa. Alamarsa a fili take: a gefen kwari ko bangon rami za ka ga layi-layi a kwance, wani fari, wani toka-toka, wani ja. Iri uku ne za ka fi haɗuwa da su. Dutsen yashi, wanda idan ka murza shi da yatsa ƙwayoyin yashi ke zubowa. Busasshiyar laka mai ɓarewa falle-falle. Sai dutsen farar ƙasa, wanda ake yin siminti da shi. Wannan na ƙarshe yana da gwaji mai sauƙi: kankare ɗan garinsa da wuƙa, ka ɗiga ruwan lemon tsami, za ka ga ƴan kumfa na tasowa. A jikin dutsen gefe za ka gwada, ba a jikin abin da ka tsinta ba.

Ƙasashenmu sun yi dace ta wannan fuska. Tsakanin kimanin shekara miliyan 100 zuwa miliyan 50 da suka wuce, wani teku marar zurfi ya riƙa shigowa yana janyewa ta tsakiyar Sahara, ya lulluɓe inda Sakkwato da Tawa suke a yau. Shi ya sa a yankin Goronyo da Wurno da Dukamaje ake samun haƙoran kifin shak da ƙasusuwan kunkuru da na manyan ƙadangarun ruwa. Ɗaya daga cikinsu, dangin guza ne na nesa, masanan Italiya suka sa masa suna Goronyosaurus a 1972, sunan Goronyo ke nan. Ba dainoso ba ne, ko da yake zamaninsu ɗaya. Farin dutsen Kalambaina, wanda kamfanin siminti na Sakkwato ke haƙa, cike yake da ƙumba da katantanwar teku, amma ya taru ne bayan ƙarewar dainoso shekara miliyan 66 da suka wuce, saboda haka kada ka sa ran ganinsu a can. A Ashaka ta jihar Gwambe kuwa, abin da ya fi yawa shi ne amonayit, wata halittar teku mai ƙwanso a naɗe kamar ƙahon rago, mai shekara miliyan 90 da ɗoriya. Dainoso na tudu sai ka haura arewa: Gadufawa, Ingal, Marandat, gangaren Tigidit, Adarbisanat.

Lokacin dubawa mafi kyau shi ne ƙarshen damina, bayan zaizayar ruwa ta buɗe sabon wuri, da sassafe ko da la'asar sakaliya, lokacin da rana ke bugowa ta gefe kowane ɗan tudu ya fito da inuwarsa. Da tsakar rana komai launi ɗaya yake zama. Kuma a faɗi gaskiya, da yawa daga cikin wuraren nan, musamman gabashin Sakkwato da jejin Agadas, suna fama da rashin tsaro. Babu ƙashin da ya kai ranka. Ba a zuwa sai da ɗan gari da sanin hukuma.

Mataki na biyu: ƙashi ne, dutse ne, ko jakin bara ne?

Nan ne aka fi yin kuskure, ta fuska biyu. Wani ya ɗauko dunƙulen dutse ya rantse ƙwan dainoso ne, wani kuma ya shure haƙiƙanin ƙashi ya wuce.

Fara da nauyi. Ƙashin da ya daɗe a binne, ruwan ƙasa ya ratsa shi ya cika kofofinsa da ma'adinai, don haka ya fi ƙashin mahauta nauyi nesa ba kusa ba. Ƙwanƙwasa shi a hankali da farce, za ka ji ƙarar dutse. Launinsa yakan koma ruwan ƙasa, ko baƙi, ko ja-ja, wani lokaci har da shuɗi-shuɗi, gwargwadon ma'adinin wurin. Ƙashi fari fat marar nauyi, mai ɓarewa a sama, yawanci na raƙumi ne ko saniya da ta mutu shekarun baya kaɗan.

Sai ka dubi inda ya riga ya karye, kada ka karya da kanka. Ƙashi yana da ɓawo mai santsi a waje, mai siraran zane da ke bin tsawonsa, ciki kuma inda ɓargo yake akwai ƙananan kofofi birjik masu haɗe da juna. Dutse cikinsa da wajensa ɗaya ne. Icen da ya koma dutse, wanda ke da yawa a Tigidit da wasu sassan Sakkwato, zarensa miƙaƙƙe ne ba shi da waɗannan kofofin, sau da yawa kuma za ka ga gurbin reshe. Masu aikin fili suna da wata dabara: su jiƙa yatsa su danna a kan karayar, in ƙashi ne sai ya ɗan kama, saboda kofofin na tsotse danshi. Wasu da harshe suke yi. Ban ba ka shawarar harshe ba a filin da dabbobi ke kiwo.

Haƙori ya fi komai sauƙin ganewa, domin yana ƙyalli ko bayan shekara miliyan ɗari. Abin da aka fi ruɗewa da shi kuwa shi ne dunƙulen da ma'adinai ke haɗawa da kansu cikin laka, ƙulu-ƙulu gwanin sha'awa. Ƙwai na gaskiya yana da ɓawo siriri mai kauri ɗaya ko'ina, daban da abin da ke cikinsa. In babu wannan ɓawon, ba ƙwai ba ne.

Mataki na uku: rubuta kafin ka taɓa

Wayarka ta hannu ta ishe ka wannan aikin. Ɗauki hoto iri uku. Na nesa, wanda zai nuna tudun ko kwarin gaba ɗaya da wata alama da ba ta gushewa. Na tsakiya, wanda zai nuna layin dutsen da abin ke ciki da na samansa da na ƙasansa. Sai na kusa, ta sama da ta gefe. A kowane hoto na kusa ka ajiye abin awo, rula in akwai, in babu ko biro ko kwalin ashana. Hoton ƙashi ba abin awo ba ya gaya wa kowa ko na ɓera ne ko na giwa.

Buɗe taswirar waya ka kwafi lambobin wurin. Wannan ba ya buƙatar sabis, da tauraron ɗan Adam yake aiki, sai dai ka ɗan tsaya a fili minti ɗaya ko biyu lambobin su daidaita. Sannan ka rubuta a takarda, ba a waya kaɗai ba: kwanan wata, sunan ƙauye mafi kusa, sunan da mutanen wurin ke kiran tudun, launin dutsen, ko abin a manne yake ko a sake, da inda dogon ƙashin ya fuskanta, gabas ko arewa. Wannan na ƙarshe ba wasa ba ne. Idan dogayen ƙasusuwa duk sun kalli gefe ɗaya, alama ce ruwa mai gudu ya jera su. Idan kuma gaɓoɓin ƙashin baya na haɗe yadda suke a jiki, an binne gawar da wuri kafin ta tarwatse.

Lambobin wurin kada su hau Facebook ko zauren WhatsApp. Hoto na kusa ba laifi. Wurin kuwa, da zarar ya bazu, masu diga za su riga masana isa.

Mataki na huɗu: bi gutsattsarin zuwa sama, ka tsaya

Abin da ka gani a gindin gangare yawanci gangarowa ya yi. Bi gutsattsarin kana hawa a hankali. Inda suka yanke, nan kusa ne asalin ƙashin ke leƙowa daga bango. Haka aka samu wani dainoso mai suna Suchomimus a 1997: ƙaton farcen babban yatsansa shi aka fara gani kwance a fili, sauran jikin na ƙarƙashin ƙasa.

Idan ka kai nan, aikinka na hannu ya ƙare. Kada ka ja, kada ka sa fartanya, kada ka zuba ruwa don ya fito fes. Ƙashin da yake kamar dutse a ido, a tsattsage yake ciki, ƙasar da ke rungume da shi ce ke riƙe da shi. Ruwa kuma na kumbura laka ya farfasa abin da ke cikinta. Wasu ƙasusuwan kan dainoso ɗin nan Nigersaurus saboda sirantaka haske na ratsa su. Bugun diga ɗaya ya isa ya mai da irinsu gari. In kana tsoron dabbobi za su tattake, yayyafa busasshen yashi ka rufe, ka tara ƴan duwatsu can gefe a matsayin alama, ba a kansa ba.

Abu ɗaya ne za ka iya ɗauka: ƙaramin abu da ya riga ya saki, yana bakin ruwa ko kan hanyar mota, wanda in ka bar shi ya tafi ke nan. Shi ma bayan hoto. Naɗe shi da takarda mai laushi, ka sa a leda tare da ƴar takardar da ke ɗauke da bayanin wurin. Leda ɗaya, wuri ɗaya. Kada ka wanke, kada ka shafa mai ko fenti don ya yi ƙyalli, kada ka liƙa da sufa gulu.

In kuwa ƙashin mutum ne, janye hannunka ɗungurungum. A shekarar 2000 ayarin Paul Sereno na Jami'ar Shikago, suna neman dainoso, suka faɗa kan maƙabartar Gobero a Tenere, mai kaburbura wajen 200, wasu sun kusa shekara 10,000, na mutanen da suka zauna bakin tafki suna kamun kifi. Irin wannan aikin masana tarihin ɗan Adam ne, mamaci kuma yana da haƙƙi komai daɗewarsa. In sabo ne, magana ta koma hannun ƴan sanda.

Mataki na biyar: wa za ka gaya wa

Fara da mai ƙasa. Mai gona in gona ce, shugaban aiki in wurin haƙar dutse ne, sannan mai unguwa ko dagaci. Magana a sarari ta fi: “Ranka ya daɗe, wani tsohon ƙashi na gani a kwarin gabas. Ba zinariya ba ce, ba kuma abin sayarwa ba ne. Ina so a sanar da malaman jami'a su zo su duba, kafin nan a ja wa yara kunne kada su tona.” Faɗin cewa ba dukiya ba ce yana da amfani, domin da an ga baƙi na kai da kawo a wuri, zancen ma'adini ke tashi.

A Nijeriya, nemi sashen nazarin duwatsu na jami'a mafi kusa: Ahmadu Bello a Zariya, Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko na Maiduguri, Bauci da Gwambe. Akwai kuma hukumar binciken duwatsu da ma'adinai ta ƙasa, da hukumar gidajen tarihi da aka kafa da dokar 1979. A Nijar, Jami'ar Abdou Moumouni da gidan tarihi na Yamai, kuma ƙasar na da dokar kare kayan gado ta 1997, tono da fitarwa waje sai da izini. Aika hotuna uku da bayani gajere. In mako biyu sun wuce shiru, sake aikawa ko ka je da kanka. Malaman nan aiki ya yi musu yawa, masu wannan fanni kuma a yankinmu ba su da yawa.

Za a iya zuwa maka da tayin kuɗi. Ra'ayina a kan wannan ba ɓoyayye ba ne: ɗan abin da dillali zai ba ka bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na abin da za a yi asara ba, kuma kai ne a kusa in hukuma ta tashi kame.

Mataki na shida: in masana sun zo

Kai ne jagora, saboda haka yana da kyau ka san abin da za ka gani. Za su share da buroshi da ƙananan tsinke, su zana taswirar kowane ƙashi, su ɗiga wani siririn gam da aka narkar, wanda ke shiga cikin tsaga kuma ana iya cire shi daga baya. Ba sa zaro ƙashin. Rami suke yi kewaye da shi har ya zama yana zaune kan ginshiƙin ƙasa, su lulluɓe shi da jiƙaƙƙiyar takarda, su yanka buhun algarara tsiri-tsiri su tsoma cikin kwaɓin garin POP, wanda ake yin silin da shi, su naɗe. In ya bushe a sare ginshiƙin a juya, a rufe ɗaya gefen. Dunƙule ɗaya na iya kai ɗaruruwan kilo. Fitar da ƙashin daga ciki a ɗakin bincike kan ɗauki watanni, wani lokaci shekaru. Ka nemi a rubuta sunanka a matsayin wanda ya gano. Haƙƙinka ne. Ƙoƙon kan Tumai, wata halitta da masana ke danganta ta da asalin ɗan Adam, mai shekara wajen miliyan 7, da aka samu a hamadar Jurab a 2001, ɗan Cadi ne cikin ayarin ya tsince shi, kuma an rubuta hakan.

Mataki na bakwai: karanta rayuwar dabbar

Nan ne daɗin abin yake, kuma ko a gidan tarihi kana iya gwadawa. Kullum fara da baki.

Haƙori mai faɗi da kaifi, mai ƙananan zarto a gefe, na mai yanka nama ne, irin na Afrovenator da aka samu kusa da Ingal. Haƙori mai tsini zagayayye na mai cafke abu mai santsi ne. Suchomimus yana da irinsu sama da 100 cikin dogon baki siriri, ga tsawon jiki wajen mita 11, ga wancan farce. Ba sai an gaya maka masunci ne ba. Haƙori dunƙulalle marar tsini na mai fasa ƙwanso ne, kamar na ƙadangaren teku Igdamanosaurus na yankin Tawa.

Nigersaurus, wanda Sereno ya sa wa suna a 1999, shi ne abin mamakin. Tsawonsa wajen mita 9, amma bakinsa a miƙe yake ta gaba, ya fi sauran kan faɗi, da haƙora fiye da 500. Ba duka ke aiki lokaci ɗaya ba: bayan kowane haƙori akwai wasu a jere cikin muƙamuƙi suna jiran layi. Da aka ƙirga layukan girma da ke cikin haƙoran, sai aka ga kowanne kwana 14 kawai yake yi a sauya shi. Me ke cinye haƙori haka? Ƙasa da tsakuwa. Wato dabbar kanta a sunkuye take wuni, tana yankar tsirrai masu laushi dab da ƙasa. Ciyawa irin tamu ba ta bazu ba a lokacin.

Daga baki sai ƙashi. Kadan nan Sarcosuchus, wanda ƙoƙon kansa kaɗai ya haura mita ɗaya da rabi, yana da faranta na ƙashi a gadon bayansa, kowace shekara kuma suna ƙara layi ɗaya. An ƙirga na wani da bai gama girma ba aka samu wajen shekara 40, daga nan aka ƙiyasta sai ya yi 50 zuwa 60 yake cika. Tsawonsa da farko an ce mita 11 zuwa 12, lissafin baya-bayan nan ya rage shi zuwa 9 da ɗoriya. Kada wannan ya dame ka. Awo daga ƙwarangwal marar cika ƙiyasi ne, yana gyaruwa. Haka dogayen ƙasusuwan da suka miƙe a bayan Ouranosaurus, har yau ana ja-in-ja: wasu sun ce fata ce shimfiɗe a kai don daidaita zafin jiki, wasu sun ce tozo ne.

Sai maƙwabta. A layin dutsen Gadufawa, inda Nigersaurus da Sarcosuchus da Ouranosaurus suke, akwai ƙasusuwan manyan kifaye da kunkuru da ƙumbar ruwan daɗi. Su ne shaidar cewa Tenere ta taɓa zama ƙasar manyan koguna. Wanda ya ɗauke ƙaton ƙashi ya watsar da ƴan ɓawon kifin da ke gefensa ya jefar da wannan shaida.

Sawu ma na magana. Auna tsawon sawun ka ninka sau huɗu, ka samu kimanin tsayin ƙugun dabbar daga ƙasa; tazarar taku kuma ta nuna tafiya take ko gudu. Akwai irin sawayen nan a yankin Agadas da Mayo Rey ta arewacin Kamaru. Na Kamaru sun yi kama da waɗanda ke arewa maso gabashin Barazil, inda aka kuma samu ɗan'uwan Sarcosuchus, domin a lokacin nahiyoyin biyu ba su gama rabuwa ba.

Tambayar da kowa ke yi ita ce ta shekaru. Gwajin kabon, na auna shekarun ƙashi, da ake yawan ambata ba ya wuce shekara 50,000, ya yi wa Gobero amfani amma ba ruwansa da dainoso. Su daga dutsen ake sanin shekarunsu: na ƙasa ya girmi na sama, tokar aman wuta in an samu ana auna ta kai tsaye, amonayit kuma kowane iri da zamaninsa. Jobaria, ƙaton mai dogon wuya na Tigidit, da aka bayyana shi a 1999 an ba shi shekara wajen miliyan 135. A 2009 wasu masana suka sake nazarin shimfiɗun dutsen da abubuwan da ke cikinsu, suka mai da shi baya zuwa miliyan 160 da wani abu. Sun iya yin gyaran ne saboda waɗanda suka tono shi sun rubuta daga wane layi ya fito.